Kurege da Ledojin Iya Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku ba hayaƙi hanya.

Ta zo mu ji ta, ko tsohuwa ce ko sabuwa.

Tatsuniyar Kurege ce, da Bushiya mai kanti, da Kura.

A wani gari na dabbobi da ake kira Gindin Kanya akwai kasuwa mai ci ranar Laraba. A da, in za a je wannan kasuwa, kowa da abin zuba kayansa yake fita. Mai ƙwarya ta ɗauki ƙwaryarta, ta rufe da faifai. Mai kwando ya saɓa kwandonsa. Daddawa a ganyen kalgo ake naɗe ta, ƙosai a ganyen gamji, nama kuwa ganye biyu ake haɗa masa, a soke bakin da tsinke. In kasuwa ta watse, awaki su bi su cinye ganyen, kafin rana ta faɗi fili ya yi fes kamar an share.

Akwai kuma gyara. In mai sayarwa ta gama aunawa, sai ta ɗebo kaɗan da tafin hannu ta ƙara a bisa, ta ce, "Ga gyara, a gaida mutan gida." Ko ba a roƙa ba, ana bayarwa.

Ana nan ana nan, sai leda ta shigo gari. Ba ta da nauyi, ba ta fashewa in ta faɗi, ba a biyan ko anini a kanta. Ƙorai suka koma ƙarƙashin gado. Masu sayarwa suka riƙa ƙulle kayansu tun daga gida, ƙulli-ƙulli, kuma abin da aka riga aka ƙulle bakinsa, ta ina za a zuba masa gyara? Haka gyara ya mutu, ba wanda ya je ta'aziyya.

Ita kuwa leda ba ta mutuwa. Ta hau ƙaya ta zauna, ta shiga kwata ta toshe, ta kwanta a gona ta hana shuka fitowa. Awaki suka ɗauka ganye ne irin na da, suka ci, cikinsu ya kumbura. Ranar da saniyar Zaki, sarkin garin, ta faɗi matacciya, aka farke ta aka tarar da tumbinta maƙil da leda, ranar Sarki ya fusata. Ya naɗa Kura duba-gari, ya sa aka yi shela cewa duk wanda aka kama yana watsa leda a gari, na Kura ne, daga kai har wutsiya.

Tsoron Kura ya hana zubar da sabuwa, amma bai kwashe tsohuwa ba.

To, a bakin kasuwar akwai wata tsohuwar Bushiya mai ɗan kanti, gishiri da kanwa da sabulu da soyayyar gyaɗa take sayarwa. Mai tsanaki ce ƙwarai, ko tsinke ba ta ajiyewa a karkace. Rannan ta fito ƙofar kantinta ta ce, "Jama'a, duk wanda ya zo sayayya da ƙwaryarsa, zan yi masa gyara irin na da. Wanda kuma ya tsinto mini leda cikin kwando, ko bai sayi komai ba, yana da gyaɗa cikin tafi biyu."

Aka ce, "Iya, me za ki yi da shara?"

Ta ce, "In wanke, in shanya, in yanka, in tufka igiyar guga. Abin da ya ƙi ruɓewa a gona, sai ya je ya ƙi ruɓewa a rijiya."

Kurege yana gefe, ya ji an ambaci gyaɗa. Shi kuwa bai taɓa noma ko kunya ɗaya ba, amma ba gonar gyaɗar da bai san ƙofarta ba. Tun kafin Bushiya ta rufe baki ya aro kwando.

Ya shiga kwata ya tsinto, ya kai, ya ci gyaɗa. Ya shiga gona ya tsinto, ya kai, ya ci gyaɗa. Ya bi ƙarƙashin ƙaya ya tsinto, ya kai, ya ci gyaɗa. Kumatunsa suka cika, wutsiyarsa ta yi sheƙi. Dattawa suna nuna shi suna cewa, "Ashe yaron nan zai shiryu."

Mata kuma suka jawo ƙoransu daga ƙarƙashin gado, suka wanke, wadda tata ta tsage ta kai aka ɗinke. Sauran masu kanti suka ga kasuwa ta koma ƙofar Bushiya, su ma suka fara gyara. Kafin wata uku gari ya yi tas, ko ledar rantsuwa babu.

Kowa ya yi murna, ban da Kurege. Ya zaga gabas, ya zaga yamma, kwando fayau. Ya zauna ya yi tagumi ya ce, "Wannan tsabta za ta kashe ni da yunwa."

Yana cikin tagumi sai ya hango bayan kantin Bushiya. Ga igiyar shanya daga wannan bango zuwa wancan, ga ledoji jere a kai, wankakku, baƙaƙe a gefe, farare a gefe, masu launi can ƙarshe. Ya kuma san halin Bushiya, da rana ta take sai ta dunƙule ta yi barci, ko ganga aka buga ba ta motsi. Ya jira rana ta take, ya lallaɓa, ya cika kwando, ya zagayo ta gaba ya zauna har ta farka.

"Salamu alaikum, Iya. An tashi lafiya? Ga ɗan abin da Allah ya hore."

Bushiya ta ɗauki leda guda, ta juya ta, ta kai hanci. Ta ce, "Ɗan nan, wannan ai ƙamshin sabulun salo take yi. A wace kwata ake wanka da sabulu?"

Kurege ya ce, "Ni na wanke miki, Iya. Na ga girma ya kama ki, na ce bari in rage miki wahala."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Ta auna masa gyaɗarsa daidai, ta ce, "Allah ya yi albarka. Amma gobe ka kawo mini su da dauɗarsu. Wanki nawa ne, ba na son a taya ni."

Kurege ya tafi yana tauna yana tunani. Ya ce, "Dauɗa take so? Ai dauɗa ba ta da wuya."

Washegari Laraba ce, ranar kasuwa. Da rana ta take ya koma, wannan karon bai bar ko ɗaya a igiya ba. Ya kai su bayan gari, ya baza a ƙasa, yana tattaka su yana yayyafa musu taɓo don su yi kama da tsintuwa. Bai lura da gabas ba. Lokacin kuwa ƙarshen bazara ne, hadari ya haɗu ya yi baƙi. Iska ta taso gaba ɗaya, ta kwashi ledojin nan ta yi sama da su, ta kai su tsakiyar kasuwa ta zazzage. Wata ta faɗa cikin nono, wata ta rufe wa mai tsire ido, sauran suka koma kan ƙayoyin da aka sha wuya kafin a raba su da su.

Kurege ya bi su da gudu yana cafke-cafke, ya yi karo da ƙafar Kura. Ga taɓo a hannunsa, ga leda a wuyansa.

Kura ta ce, "Wata uku ina duba-gari ban kama ko ƙadangare ba. Sannu da zuwa."

"Ranki ya daɗe, tsinta nake yi."

"Na ga tsintar tun daga bayan gari. Ina kan tudu."

Ta ciro ledar da ke wuyansa, ta jefa shi ciki, ta ƙulle bakin tam, ta kama hanyar gida tana lilo da shi.

Cikin leda zafi, ba iska. Kurege ya ga in bai yi magana yanzu ba, ba zai ƙara yi ba. Ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi yadda za ta ji, ya ce, "Allah sarki. Ba mutuwar ce ta dame ni ba."

Kura ta ce, "Me ya dame ka?"

"A ce kamar ke, 'yar gidan girma, za ki ci naman da ya yi gumi a leda. Kafin ki kai gida na yi tsami. Ranki ya daɗe, a leda mahaifiyarki take kawo muku nama?"

Kura ta rage sauri. Ta ce, "Inna? Inna ba ta san leda ba."

"A me take kawowa?"

"A ganyen kalgo." Ta tsaya cik. "Ganye biyu take haɗawa. Tun tana bakin rafi muke jin ƙamshi, mu fito mu bakwai muna ture juna. Ni ce ƙarama, sai ta ba ni ganyen in lashe bayan an gama."

"Ganyen ma daɗi gare shi."

"Ya fi naman," in ji Kura, muryarta ta sauya. "Duk sun tafi. Ni kaɗai na rage."

Kurege ya ce, "Ga kalgo can gefen hanya, ina ganin inuwarsa ta cikin leda. In dai za a ci ni, a ci ni yadda ake cin nama a da. Ledar kuma ki kai wa Iya Bushiya ki fara tara kwandonki. Kin ga riba biyu."

Kura ta share ido da bayan hannu. Ta je gindin kalgo ta zaɓi ganye biyu masu faɗi, ta kwance ƙulli, ta kwantar da Kurege a kan ɗaya ta rufa masa ɗaya. Ya kwanta lamo, har da miƙe ƙafa. Ya ce, "Saura tsinke. Inna ba ta soke baki da tsinke?"

Ta ce, "Tana sokewa." Ta juya neman tsinke.

Da ta waiwayo, ganye biyu ne kwance, ba kowa a tsakani.

Kurege bai tsaya ko'ina ba sai kantin Bushiya, don ya san raminsa Kura za ta fara tonawa. Ya faɗa bayan buhun gishiri yana haki. Ya ce, "Iya, ki rufa mini asiri. Ni ne na kwashe. Jiya ma ni ne."

Bushiya ta ce, "Na sani tun jiya. Ina jira in ga iyakar wayonka ne."

Sai ga Kura ta iso tana huci, ganye ɗaya a hannunta. Bushiya ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗan tayar da ƙayoyinta.

Kura ta ce, "Iya, ba ni namana. Sarki ne ya ba ni."

Bushiya ta ce, "Naki ne, ban musa ba. Amma mai kaya ya riga mai hukunci. Ledojina ya watsar, kuma na san kowace ɗaya da kamanninta. Ya tsinto mini su duka, ba gyaɗa, ba gyara. Ranar da ya kawo ta ƙarshe, ki zo ki ɗauki abinki."

Kura ta dubi ƙayoyin, ta ga maganar tana kan hanya. Ta ce, "To, ya yi sauri." Ta koma gindin bango ta zauna tana tauna ganyen kalgo a hankali, tana kallon nesa.

Kurege ya shiga tsinta, da yunwa wannan karon. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana bakwai. Ya cire ta kan ƙaya, ya ciro ta cikin kwata, ya karɓo wadda ta faɗa nono. Gari ya sake yin tas. Ran na takwas Bushiya ta jera su a igiya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Saura guda. Wata ruwan ɗorawa mai yagaggen hannu."

Kura ta miƙe ta lashe baki. Ta ce, "Guda kawai? Bari in wasa haƙora."

Ita kuwa ruwan ɗorawar nan, ita Kurege ya fara tsinta tun ranar farko. Ya naɗe ta ƙanƙane, ya haƙa rami mai zurfi a inda shi kaɗai ya sani, ya binne, ya daddale ƙasa a kai. Ya kuma san ko shekara ɗari ta yi a can ba za ta ruɓe ba, ba kuma za ta tsiro ta tona masa asiri ba.

Kullum da safe Kura takan zo ta ce, "An samu?"

Kurege ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ce, "Ana nan ana nema, ranki ya daɗe."

Bushiya tana tufkar igiyarta, ba ta ɗaga kai. Wani lokaci, in Kura ta juya baya, gyaɗa biyu ko uku sukan faɗo daga faifanta su gangara wajen Kurege. Ita da ko tsinke ba ya faɗo mata.

Shi ya sa har yau in kun ga kurege a bakin gona ya miƙe tsaye yana waige-waige, kada ku ce wani abu ya ɓace masa. Ya san inda yake sarai.

Ƙurunƙus kan gafiya. Ba don leda ta yi wuyar samu a garin nan ba, da na ƙulle muku ƙaryar kun tafi da ita gida. Abin da za ku riƙe shi ne, in za ku kasuwa ku ɗauki ƙwarya, in kuma aka ba ku aikin da ladansa bakin kura ne, kada ku yi gaggawar gamawa.