Tawul ɗin da Ya Sha Maganin Auta

A gidan da nake aikin wanki an taɓa kawo mana wata malamar jinya da muka laƙaba wa suna Maza-maza. Ba muguwa ba ce, Allah ya sani, kuma ta san aikinta. Aibinta ɗaya, ba ta iya jira ba. Ko gaisawa kuke yi, kafin ka ce "lafiya lau" ta kai bakin ƙofa.

Gidan na yara ne masu nakasa, waɗanda kuma aka haifa da cuta mai karya garkuwar jiki. Su ashirin da uku ne. Akwai kurame, akwai makafi, akwai waɗanda sai an ɗaga su an ajiye. Bayan ikon Allah, rayuwarsu ta rataya ne a kan maganin da suke sha kowace safiya. Idan ana sha daidai cutar takan lafa, yaro ya yi ɓul-ɓul. Idan ana tsallakewa sai ta farfaɗo, wani lokaci ma ta daina jin maganin.

Ƙaramar cikinsu ita muke kira Auta. Shekararta shida, ba ta magana, wuyanta ba ya tsayawa, haɗiya ma babban aiki ce a wurinta. Gwaggo, wata tsohuwa mai raino, ita ke ba ta magani. Takan narka ƙwayar a ɗan ruwa, ta tallafo kan yarinyar, ta riƙa ba ta da ƙaramin cokali. Sai su kwashe minti arba'in suna abu ɗaya.

"Gwaggo, cokali huɗu ne fa," in ji Maza-maza wata rana. "Na gama da yara ashirin da biyu, ke kina nan zaune kamar mai jiran mota."

"Ita ce ba ta gama ba, Sista," in ji Gwaggo, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ana nan sai Gwaggo ta zame a banɗaki ta karye a ƙafa, aka ce sai ta yi wata biyu a kwance. Maza-maza ta karɓi Auta. Minti uku ta gama, ta share mata baki, ta wuce.

Ni na fara ganin alama. Ɗan tawul ɗin da ake shimfiɗa wa Auta a ƙirji ya riƙa zuwa mini da wani farin abu a bushe, yana ƙamshin magani. Na nuna wa Maza-maza.

"Yawu ne, Inna. Ki ji da wankinki."

Na ja bakina na yi shiru, kuma har yau ina jin kunyar shirun nan.

Kafin wata biyu su cika Auta ta rame, bakinta ya yi gyambo, tari ya kama ta. Aka ɗibi jininta, likita ya duba sakamako ya ce cutar ta taso sosai.

"Ana kuwa ba ta maganin nan?" ya tambaya.

"Kullum, da hannuna," in ji Maza-maza.

Ina bakin ƙofa ina jin su, ban san lokacin da na shiga ɗakin da tawul a hannu ba. Na ce, "Likita, ka gafarce ni. Tun da Gwaggo ta kwanta, wannan ne ke shan maganin."

Washegari Gwaggo ta ji labari, ta sa aka kawo ta wurin Auta, tana dogara sanda. Muka tsaya cirko-cirko muna kallo. Ta tallafo kan Auta, ta ɗora yatsu biyu a ƙarƙashin haɓarta, ta riƙe cokali, ta tsaya. Can sai yarinyar ta lumshe ido sau biyu.

"Kun gani? Ta ce ta shirya."

Ta zuba rabin cokali, ta jira har maƙogwaro ya motsa a ƙarƙashin yatsunta. Da ta sake ɗauko cokali sai Auta ta karkata ido gefen hagu.

"Yanzu kuma cewa ta yi in dakata, numfashi take nema."

Wallahi shekara uku ina wanke kayan yarinyar nan, ina ce mata baiwar Allah marar baki, ashe tana da zance cikakke. Likita kansa ya cire tabarau ya matso kusa.

"Gwaggo, wa ya koya miki wannan?"

"Ita mana. Shekara guda ta yi tana koya mini, ni ce dai ɗalibar da ba ta da saurin ganewa."

Auta ta yi mako uku a asibiti. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma tsohon maganin ya daina yi mata aiki, aka koma wani mai ɗaci wanda ke wahalar da cikinta. Ranar da ta dawo, Maza-maza ta roƙi Gwaggo cokalin. Ta zauna, ta tallafo kan yarinyar yadda ta ga ana yi. Auta ta dube ta, ta datse baki. Awa guda tana riƙe da cokali, bakin nan bai buɗe ba.

Daga baya Maza-maza ta same ni a ɗakin wanki, ta zauna kan bokiti a kife, hawaye na zuba.

"Inna," ta ce, "wata biyu yarinyar nan tana ce mini in dakata. Ko sau ɗaya ban kalli idonta ba."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, wanda aka damƙa wa amanar mai rauni ba shi da ikon yin gaggawa. Ba da magani ba ya cika sai an tabbatar ya shiga, kuma wanda ba ya iya magana da baki yana da hanyar da yake faɗin damuwarsa, sai dai mai haƙuri ne kaɗai ke jin ta. Wanda kuma ya ga ɓarna, komai ƙanƙantar matsayinsa, kada ya yi shiru irin nawa.