Ƙwayar da Ke Aljihun Manomi

Akwai wani mutum mai noman albasa a bakin rafi. Wata rana yana ban ruwa da tsakar rana, sai kansa ya fara sarawa. Ya biya ta kasuwa, ya sayi ƙwayar ciwon kai a wurin mai tebur. Kafin ya isa gida, ciwon ya tafi. Ya ce a ransa, "Ashe abin ba wuya!"

Daga ranar, ƙwaya ba ta rabuwa da aljihunsa. Da kai ya ɗan motsa, sai ya haɗiya. Daga baya ma ya daina jiran ciwon, yakan sha tun kafin ya fita gona.

Amma ga abin mamaki. Ciwon da a dā yake zuwa jefi-jefi, yanzu shi ne ke tashinsa kowace safiya. Mutumin ya yi ta tunani. Ya ce ko rana ce, ya sayi malfa. Ya ce ko maganin jabu ne, ya nemo wani mai ƙarfi. Duk a banza. Albasa ta fara yaushi, gama ba ya iya sunkuyawa ya yi aiki.

Sai matarsa Rifkatu ta ce, "Maigida, tun da ka fara shan ƙwayar nan, ciwon raguwa yake yi ko ƙaruwa?"

Bai taɓa yi wa kansa wannan tambaya ba.

Suka tafi asibiti. Likita ta duba shi sosai, sa'an nan ta ce, "Baba, yaushe rabonka da shan magani?"

Ya ce, "'Yata, ban tuna ranar da ban sha ba."

Ta ce, "To, maganin ne yake kawo ciwon yanzu. Jikinka ya saba da shi. Da zarar ya sake ka, sai kai ya ɗau ciwo, kai kuma ka ƙara sha. Za mu dakatar da shi. Da fari ciwon zai tsananta, amma ka daure, ka riƙa dawowa ina dubaka."

Ya riƙe baki. "Wato abin da nake gudu a aljihuna yake?"

Ya juye ƙwayoyin a tafin hannun matarsa. Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa ɗaci, har ya roƙe ta ko rabi ta ba shi. Ta hana, ta jiƙa tsumma ta ɗora masa a goshi, ta yi addu'a tare da shi. Ana nan, wata safiya ya farka, ya kwanta shiru yana jiran saran. Bai zo ba. Ya tashi ya ɗauki fartanyarsa.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Magani ba zunubi ba ne, baiwar Allah ne idan an sha shi bisa ƙa'ida. Amma zuciya ma tana ciwo, kowa kuwa da ƙwayarsa. Wani ƙarya yake yi don ya rufe kunya, gobe kunyar ta dawo ta nemi ƙarya biyu. Wani giya, wani gulma, wani zuba fushinsa a kan yara. Sauƙin na ɗan lokaci ne, ciwon kuwa ƙaruwa yake yi. Yesu ba ya rufe ciwo, warkarwa yake yi, ko da farkon tuba zai yi zafi. Kai fa, tun da ka fara shan taka ƙwayar, ciwon raguwa yake yi ko ƙaruwa?