Tayoyin Sallah na Hajiya Riskuwa

Akwai wata mata a Bagudo ana ce mata Hajiya Riskuwa. Mijinta ya rasu ya bar mata manyan motoci biyu masu ƙafa goma-goma, suna jigilar albasa da busasshen kifi zuwa Tsamiya, can bakin iyakar Benin. Karatunta bai wuce ta gane sunanta a takarda ba, amma a ciniki ba a taɓa kayar da ita ba. Dillalan tasha in sun hango mayafinta sai kowa ya gyara tsayuwa.

Dokar jiha ce duk shekara a kai babbar mota a duba birki da fitilu da tayoyi, sannan a manna mata takardar lafiya a gilashi. In babu takardar nan, mota ba ta ɗaukar kaya.

Sai Hajiya ta samo dabara. Ta sayi sababbin tayoyi goma, ta kulle su a ɗakin da ta yi takaba. Ranar dubawa a ɗaura wa mota, a karɓo takarda, a dawo a kwance su, a mayar da tsofaffin da zarensu ya fito. 'Yan tasha suka sa musu suna tayoyin Sallah. Har aronsu ake zuwa yi.

Mai tuƙa ɗaya daga cikin motocin shi ne Bunyaminu, mijin 'yarta Husna. Ya san abin da yake hawa. Amma suruka ce fa. Ko gaishe ta zai yi, daga bakin zaure yake durƙusawa, kansa a ƙasa. Ta ina zai fara musu da ita? Abin da ke ransa sai dai ya faɗa wa matarsa.

Ranar da aka kai motar dubawa Hajiya ta bi su da kanta. Jami'in da ya fito, Malam Ma'azu, ya zagaya motar, ya tsuguna gaban tayar gaba, ya shafa wani ɗigon jan fenti da shi ya sa da hannunsa watannin baya.

"Hajiya, ni da wagga taya mun saba. Bana zuwanta huɗu ke nan gaishe ni, kowane zuwa da wata mota daban."

"To ka amsa mata gaisuwa mana," in ji ta. "Ɗana, mi doka ta ce? Ka duba abin da ke gabanka, ko ka duba abin da ke ɗakina?"

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa.

"Abin da ke gabana lafiya lau yake, takarda zan ba ki. Amma don Allah ki bar su jikin motar. Mai tuƙa ta ɗan mutane ne."

"Surukina ne. Ka fi ni sonsa?"

Ta karɓi takardarta, ko sallama ba ta yi masa ba.

Da la'asar ana kwance tayoyin a ƙofar gida sai ga Husna, goye da jaririya.

"Inna, ki bar mishi su. Ya ce sitiyari rawa yake yi a hannunsa in ya ɗauki kaya."

"Shi ba ya da baki?"

"Kin san ba ya iya faɗa miki."

"In na bar su suka cinye, ɗaya motar da mi za a kai ta dubawa?"

"To shida."

"Husna, nan ba kasuwa ba ce."

"Na gaba biyu kawai, Inna. Biyu."

Hajiya ta dube ta irin kallon da take yi wa dillali in ya kusa sakin kaya. "Bayan kaka," in ji ta. Ta sa aka garo na gaban ma, ta kulle ɗaki, ta ɗaure makulli a bakin zanenta.

Kwana goma sha ɗaya aka yi. Ranar kasuwa, da rana tsaka, motar ta wuce Kende ɗauke da albasa sai tayar gaba ta fashe. Waɗanda ke gona kusa sun ce Bunyaminu ya yi ta kokawa da sitiyari don ya kauce wa wasu mata masu tallar nono. Ya kauce musu. Motar ta kife cikin rami, kafin a ciro shi rai ya yi halinsa.

Gilashin ya farfashe duka, sai gefen da aka manna takardar. Ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Gidan da suke zaune na haya ne, danginsa kuma suna nesa, sai aka ce Husna ta yi takaba wurin uwarta. Babu ɗakin da za a ba ta sai wancan na tayoyin. Hajiya ta kwance makulli da hannunta, maza suka garo tayoyin ɗaya bayan ɗaya suka jera a tsakar gida, baƙaƙe wul, suna ƙyalli, masu zuwa gaisuwa suna ratsa su.

Ta shimfiɗa wa 'yarta tabarma daidai inda ta yi nata zaman. Ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Husna ba ta ɗago kai ba. Ta gyara wa jaririyar kwanciya, ta ce a hankali:

"Inna, biyu na roƙa."

Darasi: Ba don jami'i aka kafa dokar duba mota ba, don wanda zai hau ta ne. Kana iya yi wa mai dubawa wayo ka karɓi takarda, amma kan taya mota take tafiya, kuma mai tuƙa ta yana da masu jiransa a gida. In kun san mai mota ko direba, ku tura masa wannan tun motarsa ba ta tashi ba.