Sojan da aka ba kiwon rago

Akwai wani soja da ya tafi yaƙi cike da ɗoki, yana ganin shi zai kori abokan gaba shi kaɗai. To, rundunarsu tana da wani rago da suke tafiya da shi ko'ina. Sun rataya masa ƙararrawa a wuya, har muƙami suka ba shi, suna kiransa Kofur. Da isar sojan nan, sai shugabansu ya miƙa masa igiya ya ce, "Daga yau kai ne mai kula da Kofur."

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Abokansa suna goge bindiga, shi yana yankan ciyawa, aljihunsa cike da kanwar da yake ba rago ya lasa. Suna tsokanarsa, "Makiyayi, ka gaida maigidanka!" Kullum addu'arsa ɗaya ce: "Ya Ubangiji, ka raba ni da dabban nan."

Wata rana faɗa ya yi zafi, harsashi ya same shi a cinya, ya faɗi cikin doguwar ciyawa. 'Yan'uwansa suka ja da baya, ba wanda ya ga inda ya faɗi. Jini yana zuba, murya ta ƙi fita. Can sai ya ji ƙararrawa. Ashe Kofur ne ya tsinke igiya, ya zo ya cusa baki a aljihunsa. Tsoro ya kama shi, kada abokan gaba su ji. Ya ture shi, ya mare shi, rago ko gezau. Ƙarar nan kuwa ita 'yan'uwansa suka bi suna neman ragonsu, suka tarar da mutum, suka ɗauke shi da sauran numfashi.

Bayan ya tsufa, wasu suka shirya fim a kan labarin. Aka nuna shi a harabar coci, ga rago yana hawaye a kan ubangidansa, mata suna share ido. Tsohon kuwa dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Wane hawaye? Kanwa ya zo lasa!"

Matarsa ta ce, "Haba Malam, ko godiya babu?"

Ya ce, "Godiya kam ina yin ta kullum. Rago cikinsa ya bi. Amma wanda ya ɗora mini aikin da na ƙi, ya kuma ƙi amsa addu'ata, shi ya san ranar da zan kwanta cikin ciyawa." Nan fa shi ma hawayen ya zo masa.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Sojan nan mu ne. Rago shi ne nauyin da Allah ya ɗora mana muna gunaguni: tsohuwa mai jinya a gida, aikin da ba a yabo, sharar ɗakin sujada alhali wasu suna waƙa a gaba. Mukan roƙa a ɗauke mana, in ba a ɗauke ba mu ce Allah bai ji ba. Ya ji sarai. Yana ganin ranar da ba mu gani ba. Saboda haka yau in ka durƙusa, kada ka tsaya ga abin da ya ba ka. Ka gode masa har da roƙon da ya hana ka, gama watakila saboda shi kake da rai.