Kwata Da Ninki Huɗu

Akwai wani tsohon malamin Turanci da ƙannensa suke kira Kamus. Ba a tambayarsa abu ya ba da amsa kai tsaye, sai ya fara tono asalin kalmar.

Mahaifiyarsu, Inna, tana fama da ciwon zuciya. Auta ce ke zaune da ita. Tela ce, ta ajiye kekenta a bakin ƙofar ɗakin Inna don ta riƙa jin numfashinta tana ɗinki. Karatunta bai wuce aji huɗu ba.

Wata Talata suka kai Inna asibiti su biyu. Likita ta duba ta, ta yi bayani cikin sauri da Turanci, ta rubuta takarda. Lokacin Kamus yana waje yana amsa waya.

Da suka dawo gida ya karɓi takardar. Rubutun kamar tafiyar kaza. A gefen sunan maganin akwai wata kalma, baƙaƙenta uku na farko kaɗai ke karantuwa, sauran layi ne kawai aka ja da biro. Ya sa tabarau, ya yi murmushi, ya ce an ƙara wa Inna magani ne, kwadiruful.

Auta ta tambayi ma'anarsa. Nan fa Kamus ya gyara zama. Ya ce dabul ninki biyu ne, tiriful uku, kwadiruful huɗu, kwintuful biyar, kuma duk daga harshen Latin Turawa suka aro su. Farkon kalmar ke faɗin adadi, ƙarshenta kuma yana nufin ninki, irin wanda take yi wa yadi kafin ta sa almakashi.

"Yaya, ni fa kamar kwata na ji likitar ta ce. Har ta yi alamar yankawa da hannu."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce wato yau mai ɗinkin zani ce za ta gyara wa wanda ya yi shekara talatin da alli a hannu.

Ta sake cewa ko a kira asibitin, ko a tsallaka wajen mai kemis ya duba.

"Ni zan kai wa mai kemis takarda ya karanta mini? Auta, tsaya a kan allurarki."

Ta koma kan keke. Inna tana jin su daga gado, ta ce su bar musu, yayanta ya fi ta sani. Shi da kansa ya ɓallo ƙwaya huɗu, ya riƙe mata kofin ruwa. Ta sha, ta sa masa albarka.

Kafin la'asar Inna ta fara amai, jikinta ya yi sanyi, ta daina amsa kira.

A asibiti likita ta karɓi takardar, ta ji adadin da aka ba ta, sai ta zauna. Ta ce kwata ta rubuta. A raba ƙwaya ɗaya gida huɗu a ba ta ɓari guda, don maganin ya yi mata ƙarfi. Kamus bai yi kuskure a kan asalin kalmar ba, kwata da kwadiruful duk daga huɗun Latin suka fito. Sai dai ɗaya rabawa take yi, ɗaya ninkawa.

Likita ta tambayi wanda ya karanta takardar. Auta ta ce, "Mu ne."

Kwana uku Inna ta yi, Allah Ya karɓi abinSa. Auta ba ta faɗa wa sauran 'yan uwa komai ba, ta ce jiki ne ya tashi.

Bayan an watse daga zaman makoki, Kamus ya same ta tana naɗe zannuwan Inna. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa. Da ƙyar ya tambaye ta me ya sa ba ta dage ba, tunda ta ji da kunnenta.

Ba ta ɗago kai ba.

"Na faɗa sau biyu, Yaya. A na uku ne na ji tsoron dariyarka."

Darasi: Duk iliminka, saurari wanda yake wurin lokacin da aka yi maganar. Kada ka yi wa na ƙasa da kai dariyar da za ta rufe masa baki. Ke kuma da kika san gaskiya, ki sake faɗa ko za a yi miki dariya. Takardar magani in ba ta karantu ba, a koma a tambaya. Ku tura wa duk mai jinya a gida. Allah Ya jiƙan iyayenmu.