Dalilin da Ya Sa Gawo Ke Tuɓe Riga da Damina

Dalilin da ya sa Gawo ke tsayawa tsirara da damina, ya yi kore shar da rani, shi zan faɗa muku. Ku zauna. Sau ɗaya nake magana.

A da can, Gawo kamar kowane itace yake. Riga ɗaya ake yanka wa itace a shekara, rigar ganye, kuma ba a sa ta sai ranar taryar Damina. In Damina ta tafi, Kuka, uwar itatuwa, takan ce kowa ya tuɓe, a yi zaman makoki. Ba hira, ba dariya, ba mai ce wa Rani sannu da zuwa. Wai in ya ga ba a son sa zai yi zuciya ya tafi da wuri. Bai taɓa tafiya da wuri ba. Kada wani ya kawo mini zancen darbejiya da mangwaro. Baƙi ne, jiya suka zo.

Gawo a tsakiyar gonar wani tsoho yake, mai suna Nomau. Dukiyar Nomau sa guda ne, baƙi, mai ɗaukar masa kaya.

Wata shekara rani ya yi tsawo. Harawa ta ƙare, kara ya ƙare. San ya rame har ba ya iya korar ƙuda. Da rana tsaka Nomau ya jawo shi gindin Gawo, inda ba inuwa sai ta gangar jiki. Ya zauna yana tufkar igiya yana 'yar waƙa. Can ya ce, "Alhamdu lillahi."

Gawo ya kasa haƙuri, ya karya makoki. Ya ce, "Baba, godiyar me kake yi? Sanka mutuwa zai yi."

"Mai yiwuwa."

"To?"

Nomau ya ce, "To me? Jiya na gama baibayar ɗakina. Tubalina ya bushe. Jibi akwai dambe a dandali, zan je in sha kallo. Da damina yaushe na ga wannan sukuni? Kai nake tausayi, Gawo. Shekararka ɗari, amma hamsin ka rayu. Sauran ka ba makoki, kuma ba wanda ya mutu."

Maganar ta shigi Gawo. Washegari ya buɗe adaka, ya ɗauko rigar da ya ajiye don taryar Damina, ya sa.

Kuka ta hango kore daga nesa. Ta ɗaga murya ta ce, "Kai ɗan nan! Wa ya haihu? Wa ya yi aure?"

"Ba kowa, Gwaggo. Gari ne ya waye."

"Tuɓe ta! Ranar da Damina ta zo me za ka sa?"

"In ranar ta zo ma gani."

Nomau ya kakkaɓo ganye da 'ya'ya, sa ya ci, ya miƙe. Awakin gari suka ji labari suka zo. Mata masu dawowa daga rijiya suka riƙa sauke tulu a inuwar suna hira. Gawo bai taɓa sanin haka duniya take da rani ba.

Rannan sai ga Rani da kansa, dogon tsoho busasshe. Ya tsaya ya ce, "Wa kake jira da wannan ado?"

"Kai. Sannu da zuwa."

"Ni? Ba ka yi makuwa ba?"

"Ban yi ba. Zauna ka huta."

Rani ya zauna. Ba a taɓa ba shi wurin zama ba sai ranar. Da zai tashi ya ce, "Ba ni da tukwici. Amma ni ke sa mutane haƙa rijiya, na san inda ruwa ke ɓuya. Ƙarƙashinka, gaba goma, akwai shi. Riƙe wannan."

Kafin hadari ya haɗu, dabbobi sun cinye rigar tas.

Damina ta iso da tsawa da walƙiya. Itatuwa suka fito kowa da sabuwar riga. Tana dubawa tana murmushi, har ta zo kan Gawo, ƙaya ce kawai a jikinsa.

Ta ce, "Ina rigarka?"

"Na sa wa Rani, ranki ya daɗe. Sa ya cinye."

Kuka ta ce, "Na faɗa masa, bai ji ba."

Damina ta murtuke. Ta ce, "Zan yafe maka da sharaɗi guda. Ka zagi Rani a gaban kowa, ka rantse ba za ka sake yi masa ado ba. In ka ƙi, saiwarka ba za ta ƙara shan ruwana ba."

Kowa ya san itacen da bai sha ba makamashi ne.

Gawo ya ce, "Na gode da ruwan da kika ba ni shekara ɗari. Amma ba zan zagi wanda ya zauna a inuwata ba. Wanda ya aiko ki shi ya aiko shi."

"Za ka mutu."

"Da ma rabin mutuwa nake yi kowace shekara. Na daina."

Damina ta cika alkawari. Ruwa na zuba, yana kauce wa saiwar Gawo. Ɓawonsa ya tsage. Ya tuna maganar Rani, ya fara tura saiwa ƙasa. Ya wuce yashi. Ya wuce laka. A gaba bakwai ya tarar da marmara, ya yi kwana ashirin yana nuƙurƙusarta.

Kuka ta ce, "Ba da haƙuri mana, mai taurin kai!"

Ya ce, "Ina aiki, Gwaggo."

Marmara ta tsage. A gaba goma ya ji sanyi. Ya sha.

A sama kuwa, geron Nomau na gindin Gawo ya fi na ko'ina. Ba ganyen da zai tare masa rana, ga takin da dabbobi suka zuba da rani.

Da Damina za ta tafi ta biyo ta gonar. Ta ce, "Ba ka mutu ba?"

"Ban mutu ba, ranki ya daɗe. Sannu da aiki. Dubi geron nan. Ruwan naki ne, ranar kuma ni na kauce masa ya samu. Allah ya kai mu baɗi."

Ba ta janye maganarta ba. Shi ma bai ba da haƙuri ba. Tana juya baya ya buɗe adaka, ya ɗauko rigar baɗi ya sa.

Shi ya sa har yau in hadari ya taso Gawo ke tuɓe riga ya bar wa gero rana, in kaka ta wuce ya yi ado ya tari Rani. Manomi mai hankali ba ya sa masa gatari.

Yanzu wa na ji ɗazu yana cewa zafi ya ishe shi? Tashi ka kai awaki gindin Gawo.