Yagaggen Kunnen Barde

Akwai wani mai zane a Birnin Konni, Zaidu ake ce masa, aikinsa ba irin wanda kuka saba gani ba ne. Allon katako yake shafewa da farar ƙasa, ya bi ta da baƙar tawada har allon ya yi baƙi ƙirin, sannan ya ɗauki allura ya dinga kankarewa. Duk inda allura ta bi, fari ya fito. Hannu kam Allah ya ba shi. Matsalar dai shi ma ya san da haka.

Ran nan wata mata mai suna Hanifa ta zo shagonsa daga Badagishiri. Ta ce mahaifinta, Malam Attahiru, makaho ne, kuma shekara tara karensa Barde ke yi masa jagora zuwa garkarsa, wato lambunsa na albasa. Wata biyu ke nan da mutuwar karen. Tun ranar tsohon bai sake taka garka ba, tuwo ma sai an yi da gaske yake kai loma biyu.

"An ce zanenka ana jin shi da yatsa," in ji Hanifa. "Wataƙila in ya shafa ya ji Barde, hankalinshi ya kwanta. Tsoro nika ji kar mu rasa shi."

Zaidu ya ji kamar ya yi tsalle don murna. Tunda yake, ba a taɓa neman ya yi zanen da za a gani da hannu ba. Hanifa ta tura masa hoton karen ta waya, ta fara cewa, "Sai dai kunnen nan na hagu..."

"Yaya, bar mini sauran," ya katse ta. "Aikina ne."

Da ya duba hoton da kyau, sai ya ga kunnen hagun a yage yake. Ya taɓe baki. Shi Zaidu guda zai sa sunansa a ƙarƙashin kare mai yagaggen kunne? Ina! Ya zana kunne lafiyayye, a tsaye cak.

Kwana shida yana kai, gashi ɗaya bayan ɗaya, yana zurfafa allura don yatsa ya ji. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna cewa saura kawai ya yi haushi. Kan Zaidu ya ƙara girma. Ya saka allon a jakar kayan aikinsa, ya shiga mota da kansa zuwa Badagishiri, duk hanya yana shirya yadda zai amsa yabo.

Ya tarar da Malam Attahiru zaune kan tabarma a gindin bishiyar bedi, duk ya rame. Bayan gaisuwa, Hanifa ta ɗora masa allon a cinya.

Yatsun tsohon suka bi hanci, suka hau goshi, fuskarsa ta fara sakewa. Da suka kai kunnen hagu sai suka tsaya. Ya sake shafawa. Ya miƙo allon.

"Karen ga na da kyau, ɗana. Amma ba Barde ba ne."

"Baba, ai gyara muku kunnen na yi."

"Gyara?" in ji tsohon. "Wani bijimi ya taɓa tsinke igiya ya yo kaina bisa hanyar garka, ni ko ban gani. Barde ya tare shi, ƙaho ya yaga mishi kunne. Kullum da safe wurin nika fara shafawa in gode ma Allah. Abin da ka gyara, shi ya kawo ni yau da raina."

Kunya ta rufe Zaidu, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Abin da Hanifa ta so faɗa masa ke nan ya hana ta.

Ya durƙusa. "Baba, ku yafe ni. Ku nuna mini yadda yagar take."

Tsohon ya laluba ya kamo kunnen Zaidu, ya ja farce daga sama zuwa tsakiya, da ɗan ƙarfi ma. "Daga nan zuwa nan."

Nan take Zaidu ya kwaɓa farar ƙasa ya cike kunnen da ya fi alfahari da shi a duk zanen. Ya shanya a rana, ya shafa tawada, ya jira ta bushe, ya sake kankarewa. Kafin la'asar allon ya koma cinyar mai shi.

Yatsa ya tafi kai tsaye kunnen hagu, ya faɗa cikin yagar. Tsohon ya yi dariya, hawaye na zuba.

"Barde, ja'iri, ashe kana nan." Ya juya wajen 'yarsa. "Hanifa, da sauran fura? Kuma nemo mini sandata, gobe in ji yadda kunka bar mini albasa."

Darasi: Ba duk tabon da ka gani ba ne yake neman gyara, wani tabon shi ne abin da mai shi ya fi so. In za ka yi wa mutum alheri, bari ya gama maganarsa kafin ka nuna gwanintarka. Ku tura wa 'yan uwa, musamman mai saurin cewa "bar mini, na sani".